Yadda Ake Yanka DNA, a Haɗa, a Kwafa: Jagora ga Mai Shiga Ɗakin Gwaji

Aikin da za a bayyana a nan, daga farkonsa har kusan ƙarshensa, ido ba ya ganin komai a cikinsa. Ɗigon ruwa garai ake zubawa a kan wani ɗigon ruwa garai, cikin ɗan bututun roba da bai kai tsawon yatsa ba. Bututun da aiki ya yi kyau da wanda ya lalace kamanninsu ɗaya. Saboda haka kowane mataki yana buƙatar shaidarsa. Wanda ya tsallake shaida don gaggawa, sai bayan kwana huɗu zai tarar da faranti wayam, kuma ba zai san a wace rana abin ya ɓaci ba.

Za mu bi aiki guda ɗaya na gaske har ƙarshe: ɗauko ƙwayar gadon EGFP, mai haruffan DNA (A, T, G, C) 720, wadda ke sa tantani ya yi hasken kore, mu dasa ta cikin filasmid pUC19, wato ɗan zoben DNA mai haruffa 2,686 da ke hayayyafa a cikin bakteriyar E. coli. Na zaɓe ta ne don a ƙarshe ita da kanta za ta nuna maka ko ka dace.

Ma'aikatan nan uku

Inzayim mai yanka, asalinsa makamin bakteriya ne. Da shi take daddatsa DNA ɗin bairos da ya kutso mata, nata kuwa ta yi masa alama da sinadarin metil don kada makamin ya juyo kanta. Werner Arber ne ya bayyana yadda wannan tsari ke aiki, Hamilton Smith ya ware irin wanda ke yanka a ƙayyadadden wuri a 1970, Daniel Nathans ya yi amfani da shi ya zana taswirar DNA ɗin wani bairos, su ukun suka raba kyautar Nobel a 1978. Kowane inzayim yana da jerin haruffan da ya sani. EcoRI yana neman GAATTC, ya yanka tsakanin G da A. HindIII yana neman AAGCTT, ya yanka tsakanin A ɗin farko da na biyu. Tun da silin DNA biyu ne, kuma yankan ba a saiti ɗaya yake faɗawa ba, kowane baki yakan fito da ɗan harshe mai haruffa huɗu: AATT ga EcoRI, AGCT ga HindIII. Wasu kamar SmaI da EcoRV dungulmi suke yankawa, ba harshe.

Laiges shi ne gyartai. Ba ya zaɓen abin da zai ɗinke. In bakin ƙwarya biyu sun dace da juna, ya ɗinke, ko da ba ƙwaryar da kake nufi ba ce. Wanda aka fi amfani da shi na bairos T4 ne, kuma ba ya motsi sai da ATP, sinadarin da ke ba shi kuzari.

Folimares shi ke kwafi. Arthur Kornberg ya fara ware shi a 1956, amma wanda ya sauƙaƙa mana rayuwa shi ne Taq, daga bakteriyar Thermus aquaticus da Thomas Brock ya samo a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka. Zafin da ke raba silin DNA biyu ba ya kashe shi, shi ya sa PCR, dabarar ninka guntun DNA ta hanyar kwafi, da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 ta zama aikin na'ura.

Mataki na farko: zauna gaban kwamfuta

Kada ka taɓa firiza tukuna. Buɗe jerin haruffan EGFP da taswirar pUC19 a manhaja irin su Benchling ko SnapGene ko NEBcutter, ka tabbatar da abu biyu. Inzayim ɗin da ka zaɓa ya yanka filasmid sau ɗaya tak, a wurin da kake so. Sannan kada ya yanka ƙwayar gadon a tsakiya. Jerin haruffa shida yakan faɗo bisa sa'a kusan sau ɗaya a kowane haruffa 4,096, don haka doguwar ƙwayar gado ba wuya ta ɗauko wurin yanka a cikinta. EGFP ba ta da na EcoRI, ba ta da na HindIII. Mun tsira, su biyun za mu yi amfani da su.

Me ya sa biyu? In ka buɗe zoben da inzayim ɗaya, bakinsa biyu iri ɗaya ne, laiges zai mayar da shi ya rufe ba tare da ya ɗauki komai ba, in ma ya ɗauka, rabin lokaci a juye zai shiga. Da inzayim biyu mabambanta, zoben ba ya iya rufe kansa, kuma baƙon, wato ƙwayar gadon da za a dasa, ta fuska ɗaya kawai zai zauna. A lura dai, akwai waɗanda sunansu daban amma harshensu ɗaya: BamHI da BglII duk GATC suke bari, SalI da XhoI duk TCGA. Haɗa irin waɗannan daidai yake da amfani da ɗaya. A pUC19, wuraren HindIII da EcoRI suna gefe da gefen filin yanka, tsakaninsu haruffa kimanin 50, wanda ya isa kowanne ya sami wurin zama.

Yanzu furaima, wato gajerun silin DNA da za su nuna wa folimares inda zai fara. Kowace tana da kashi uku: haruffan ciko, wurin yanka, sai haruffa 18 zuwa 24 da suka dace da ƙwayar gadon. Cikon nan, haruffa shida ko kusa da haka, mutane da yawa suna mantawa da shi. Inzayim ba ya yanka da kyau in wurinsa yana can ƙarshen sili; sai ya sami abin riƙewa ta kowane gefe.

A pUC19 karatu yana tasowa ne daga wajen HindIII ya nufi EcoRI, don haka furaimar gaba ita za ta ɗauki HindIII: ciko, AAGCTT, harafin G guda ɗaya, sai ATGGTGAGCAAGGGCGAG. Wannan G ɗin ba ado ba ne. Tantani uku-uku yake karanta haruffa, kuma karatun da ya taso daga filasmid yana isowa ne a haka: CCA AGC TT, saura harafi ɗaya a cike ukun. In babu shi, duk abin da ya biyo baya ya goce, DNA ɗinka zai shiga lafiya amma ba za ka ga kore ba har abada. Furaimar baya kuwa: ciko, GAATTC, sai TTACTTGTACAGCTCGTCCATG, wanda shi ne ƙarshen ƙwayar gadon a juye.

Abu na ƙarshe kafin ka tashi: duba ko metil zai tare maka hanya. Yawancin E. coli na ɗakin gwaji suna sa metil a kan GATC, kuma wannan yana iya hana XbaI da ClaI aiki in wurinsu ya haɗu da shi. EcoRI da HindIII ba ruwansu da wannan.

Mataki na biyu: kwafi

Don dashe, Taq ba shi ne zaɓina ba. Ba ya komawa ya gyara kuskurensa, kuma harafi ɗaya da ya sauya a zagayen farko zai bi dukkan kwafin da suka fito daga gare shi. Ɗauki mai gyaran kuskure: Pfu, wanda aka samo daga Pyrococcus furiosus, ko Phusion, ko Q5. Sun fi tsada, amma maikurolita rabi ake sawa. Ajiye Taq, zai yi amfani a gaba.

A bututun maikurolita 50, a kan ƙanƙara: ruwa, bafar folimares (ruwan gishirin da yake aiki a ciki), dNTP (haruffan DNA a warwatse, tubalin ginin sabon sili) maikuromola 200 kowane harafi, furaima maikuromola 0.5 kowacce, filasmid na asali mai ɗauke da EGFP, misali pEGFP-N1, nanogiram 1 ko ƙasa da haka, sai folimares a ƙarshe. Yawan DNA na asali ba ya ƙara albarka, datti yake ƙarawa. Haɗa bututu na biyu mai komai da komai ban da DNA na asali. Shi ne shaidarka ta farko: in ya nuna layin DNA sa'ad da ka duba shi a jel, wani abu a kayanka ya gurɓace.

Na'ura, ga Phusion ko Q5: digiri 98 na daƙiƙa 30, sai zagaye 25 zuwa 30 na digiri 98 daƙiƙa 10, zafin mannewa daƙiƙa 20, digiri 72 daƙiƙa 20 zuwa 30, a rufe da minti 2 a 72. Zafin mannewa ka lissafa shi da ma'aunin kamfanin da ya yi folimares ɗin, kuma da ɓangaren furaimar da ya dace da ƙwayar gado kaɗai, ban da ciko da wurin yanka. A lissafin takarda zagaye 30 yana ninka abu fiye da sau biliyan ɗaya; a zahiri kayan aiki sukan ƙare kafin nan, don haka ƙara zagaye zuwa 40 ba abin da yake haifarwa sai tarkace.

Zuba maikurolita 5 a jel ɗin agaros kashi 1 cikin 100, inda lantarki ke jan DNA ya raba guntaye layi-layi bisa tsawonsu, tare da tsanin awo, wato guntayen da aka san tsawonsu. Layi ɗaya kake nema, wajen 745. Sauran ka wanke shi da ɗan matacin silika. Wanda ya tsallake wankin nan ya bar folimares da dNTP a ciki, su kuwa za su cike harsunan da inzayim zai yanka, su mayar da su dungulmi.

Mataki na uku: yanka

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma mafi yawanta daga hannu take, ba daga inzayim ba.

Inzayim yana zaune ne a digiri 20 ƙasa da sifili, cikin gilisarol kashi 50 don kada ya daskare. Shi ne na ƙarshen fitowa daga firiza, na farkon komawa, kuma a kan ƙanƙara yake jira. Kada ka riƙe gindin bututun da yatsa, kada ka kaɗa shi a na'urar girgiza. Firiza mai narkar da ƙanƙarar kanta ba ta dace da shi ba, don tana ɗumama lokaci-lokaci. Inda wuta ke zuwa tana tafiya kuwa, cika firizar da robobin ruwa daskararru, ka sa inzayim cikin akwatin sanyi a can ƙasa, ka rage buɗe ta. Wata dabara mai araha: daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ka ɗora kwabo a kai, ka bar shi a ciki. Ranar da ka tarar kwabon ya nutse, ka san firiza ta narke a bayan idonka, sai ka gwada inzayim kafin ka amince masa.

Awo ɗaya na inzayim shi ne abin da zai yanke maikurogiram 1 na DNA ɗin bairos lamda cikin awa ɗaya a digiri 37. A aikace akan sa awo 5 zuwa 10 ga kowane maikurogiram. Bututun maikurolita 50: DNA maikurogiram 1, bafa mai ƙarfi goma maikurolita 5, kowane inzayim maikurolita 1, ruwa ya cike. Ƙa'ida ita ce inzayim duka kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na ruwan bututun. In sun wuce, gilisarol ya haura kashi 5, sai inzayim ya fara sakaci, yana yanka wuraren da suka yi kama da nasa kawai. EcoRI ya yi suna wajen wannan hali, haka nan in an bar shi ya kwana yana aiki ko an ba shi bafar da ba tasa ba. Tunanin cewa ƙarin inzayim da ƙarin lokaci sun fi tabbas shi ke jawo shi. Awa ɗaya ta isa. Duba takardar kamfani ka ga ko biyun suna aiki a bafa ɗaya; sababbin nau'o'insu suna yi. In ba haka ba, yanka da ɗaya, ka wanke, ka yanka da ɗayan.

Ga filasmid, bututu huɗu za ka haɗa, ko da ƙanana ne: wanda ba a yanka ba, na EcoRI kaɗai, na HindIII kaɗai, da na biyun. Dalili kuwa, guntun haruffa 50 da zai fita ba za ka gan shi a jel ba, kuma filasmid da aka yanka sau ɗaya da wanda aka yanka sau biyu a wuri ɗaya suke tsayawa a ido. Hanya ɗaya ta sanin kowane inzayim yana da rai ita ce ka ga ya buɗe zoben shi kaɗai. Wanda ba a yanka ba yakan riga sauran gudu domin a murɗe yake, wani lokaci ya ba da layi biyu ko uku. Buɗaɗɗe layi ɗaya ne wajen 2,700.

Wannan yankan da kallon jel, in aka tsaya a nan ma, kayan bincike ne. Sauyin harafi ɗaya da ke kawo cutar sikila, A ya koma T a ƙwayar gadon beta-gulobin, yana rushe wurin yankan MstII da DdeI. A kwafi wannan yanki da PCR, a yanka, a duba: na mai AA ya rabu a wurin, na mai SS ya ƙi, mai AS ya nuna duka biyun.

In kana son ƙarin kariya, sa fosfates na jatan lande a bututun filasmid, ya cire fosfet daga bakinsa don ko wanda aka yanka sau ɗaya ya kasa rufewa. Filasmid kaɗai, ban da baƙon. In ka cire na duka biyun, laiges bai da abin kamawa.

Mataki na huɗu: tsamo daga jel

Gudanar da filasmid ɗin da aka yanka sau biyu a jel, ka yanko layinsa da sabuwar reza, ka narkar, ka wanke. Haka kake rabuwa da guntun nan da kuma zoben da ya tsere wa yanka. Fitilar UV tana lalata DNA cikin daƙiƙu. In akwai fitila mai shuɗin haske yi amfani da ita, in babu, ka shirya rezarka kafin ka kunna, ka kare ido da fuska. Mai aiki da etidiyam buromaid ya sa safar hannu. Baƙon kuwa wankin mataci ya ishe shi. Auna yawan kowanne.

Mataki na biyar: haɗawa

Ƙirgen ƙwayoyi ake yi, ba nauyi ba: baƙo uku ga kowane filasmid ɗaya. Lissafin shi ne nauyin filasmid, sau tsawon baƙo, raba da tsawon filasmid, sau uku. Namu: 50 sau 720, raba 2,635, sau 3, ya ba da nanogiram 41. A ce 40.

Bututun maikurolita 20: bafar laiges maikurolita 2, filasmid nanogiram 50, baƙo 40, laiges T4 maikurolita 1, ruwa. Bafar nan ita ce mai rauni. ATP ɗin cikinta yana lalacewa da yawan narkewa da daskarewa, kuma sau da yawa in an ce laiges ya mutu, bafa ce ta mutu. Ranar da aka kawo ta, rarraba ta ƙananan bututu, kowanne na amfani ɗaya ko biyu. In ka ga farin gari a gindinta, ɗumama ta a tafin hannu ka girgiza har ya narke.

Zafin haɗawa sulhu ne. Laiges ya fi kuzari da ɗumi, harsunan haruffa huɗu kuwa sai da sanyi suke riƙe juna. Shi ya sa aka saba da digiri 16 a kwana. Ga baki mai harshe, minti 10 zuwa awa ɗaya a digiri 22 zuwa 25 yana yi. Amma "zafin ɗaki" da takardun kamfani ke faɗa na ɗakinsu ne. Ɗakin da ya kai digiri 35 a watan Afrilu ba ya ciki. Sa na'urar PCR ta riƙe maka zafin da kake so.

Bututu biyu na shaida: filasmid da laiges ba baƙo, filasmid shi kaɗai ba laiges.

Mataki na shida: shigar da shi bakteriya

Narkar da E. coli da aka shirya don karɓar DNA, irin DH5α, a kan ƙanƙara, a hankali. Maikurolita 50 na tantani, 2 zuwa 5 na haɗin. Minti 30 a ƙanƙara, daƙiƙa 30 zuwa 45 a ruwan digiri 42, minti 2 a ƙanƙara, sai a zuba romon SOC a girgiza awa ɗaya a digiri 37. Shimfiɗa a farantin LB, abincin bakteriya, mai amfisilin maikurogiram 100 a kowace mililita, maganin da ke kashe wadda ba ta ɗauki pUC19 ba, da X-gal da IPTG, waɗanda ke sa mai pUC19 fanko ta yi shuɗi. Yi wa bututun shaida biyu haka, ka ƙara faranti na huɗu da ɗan pUC19 da ba a yanka ba, da na biyar mai tantani zalla. Kife su a digiri 37, awa 16.

Wani sauƙi da muka samu: pEGFP-N1 kanamaisin yake jurewa, ba amfisilin ba, don haka ko ɓurɓushinsa ya biyo mu ba zai tsiro ba. Da maganinsu ɗaya ne, da sai mun sa DpnI bayan PCR, wanda ke cinye DNA mai metil ya bar sabon kwafi.

Mataki na bakwai: karatun faranti

Fara da shaidu, kada ka fara da wanda zuciyarka ke so. Farantin tantani zalla ya zama wayam; in ya tsiro, amfisilin ya lalace, wataƙila an zuba shi romo yana da zafi. Farantin pUC19 ya cika da shuɗi. In babu komai, tantaninka sun mutu, sauran farantai ba su da abin faɗa. Koloni, wato ɗigon bakteriyar da ta tsiro, da yawa a farantin da ba laiges na nufin zoben da ba a yanka ba ya biyo ka. In wannan ya yi tsabta amma na laiges ba baƙo ya cika, inzayim ɗaya ne bai gama aikinsa ba. In shaidu duk sun yi daidai amma farantin gaske wayam, zargi bafar laiges, ko UV, ko furaima marar ciko.

Abin da ake fata: farantin gaske ya ninka na shaida sau da yawa, kuma yawancin koloninsa farare. Shuɗi na nufin filasmid ya koma yadda yake. Fari na nufin wani abu ya shiga ya katse lacZ, ƙwayar gadon pUC19 mai kawo shuɗin. Wani abu, ba lalle naka ba. Ƙananan ɗige-ɗigen da ke kewaye babban koloni in faranti ya daɗe, 'yan cin arziki ne da suka tsiro inda aka riga aka karya magani. Kada ka ɗauke su. Kai farantin ɗaki mai duhu ka haska shi da shuɗiyar fitila ta bayan tacin ruwan lemo. Masu kore su ne naka, kuma G ɗin nan ya yi aikinsa. In hasken ya yi rauni, bar farantin a firij ya kwana ka sake dubawa.

Mataki na takwas: tabbatarwa

Tsinci farare shida zuwa takwas da bakin fifet, ka yi musu PCR da Taq da furaimomin M13, masu mannewa a gefe da gefen filin yanka na pUC19. Fanko zai ba da layi kimanin 100, mai baƙo kusan 800. Biyu ko uku daga masu kyau ka raina su a romo su kwana, ka ciro filasmid, ka sake yankawa da EcoRI da HindIII: layi biyu, wajen 2,600 da wajen 730. Sannan ka aika a karanta jerin haruffan ta gaba da ta baya, ka jera shi da abin da ka zana a mataki na farko, musamman mahaɗan biyu. Kore ba ya hana a sami harafi ɗaya da ya sauya.

In guntaye da yawa za ka haɗa lokaci guda, ko ka rasa inzayim da bai yanka ƙwayar gadonka ba, duba hanyar Golden Gate ta 2008, mai amfani da BsaI wanda ke yanka a gefen wurin da ya gane, ko hanyar Gibson ta 2009, inda inzayim uku ke aiki a bututu ɗaya a digiri 50. Shaidun da za ka haɗa musu su ne dai waɗannan.

Kolonin da ya ci jarrabawa, gauraya romonsa da gilisarol har ya kai kashi 15 zuwa 25, ka ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili, ka kuma ajiye filasmid ɗin daban a firiza, da suna da kwanan wata a jikin bututu da cikin littafi. Duk faranti da romo da bakin fifet da suka taɓa bakteriyar, a dafa su a otokilef, digiri 121 na minti 20, kafin su bar ɗakin. A Nijeriya, aiki da halittun da aka sauya wa ƙwayar gado yana ƙarƙashin NBMA, hukumar da ke sa ido a kan irin wannan aiki, wadda dokar 2015 ta kafa, don haka ka nemi amincewar kwamitin kula da wannan fanni na makarantarku ko cibiyarku tun kafin ka yi odar furaima.